Karɓar Maziyarta a Wuraren Tarihi: Waiwaye Daga Lafiya ta Jihar Nasarawa

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya taso daga Akwanga ya yi kudu zai ratsa ta gindin duwatsun Eggon, ya wuce garin Nasarawa Eggon da na Shabu, sannan ya shiga Lafiya ta wajen unguwar Bukan Sidi da ke kan hanyar Jos. Tafiyar ba ta wuce ta awa guda da 'yan mintoci a mota ba, amma a cikinta mutum ya taka ƙasar Mada da ta Eggon da ta Gwandara, ya kuma sauka a garin da Barebari suka kafa masarautarsa. Duk da haka, da wuya baƙon ya sauka daga mota da sanin ko da ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, domin babu wanda aka ɗora wa alhakin gaya masa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, sai dai a wurin tarihi, wanda ya gani bai ji ba kallo kurum ya yi.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka riƙa karɓar mai ziyara a wuraren tarihi da na ban sha'awa a Arewacin Nijeriya, tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau, sannan ta auna abin da aka gano da halin da ƙasar Lafiya da maƙwabtanta suke ciki. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, bayani ne ginshiƙin karɓar maziyarci, shi kuwa bayani a cikin harshe yake zaune. Saboda haka manazarta harsunan Nijeriya suna da babban kaso a cikin wannan aiki, kuma idan suka yi jinkiri, akwai abin da zai salwanta wanda kuɗi ba zai dawo da shi ba.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar ziyara Hausa ta aro ta ne daga Larabci, kuma tun asali tana tafe da ma'anar zumunci da neman lada, kamar ziyarar dangi da ta marar lafiya da ta kaburburan bayin Allah. Shi kuwa yawon buɗe ido sabuwar ƙira ce wadda rediyo da jaridu suka yaɗa, tana nufin tafiyar da mutum zai yi don ya ga abin da bai saba gani ba. Sunan ne sabo, amma ɗabi'ar ta daɗe har a cikin rubutaccen adabi. Alal misali, Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya ba da labarin tafiyarsa Ingila a 1943, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, duk sun nuna Bahaushe a matsayin mai zuwa ƙasar wasu don ya gani, ya tambaya, ya kawo labari gida.

Akwai kuma wani gini da akan yi a bakin wurin tarihi ko gandun daji, inda baƙo zai fara tsayawa ya karɓi taswira, ya ji taƙaitaccen tarihin wurin, ya sami jagora da ruwan sha da makewayi. Wannan tsari ya bunƙasa ne a Amurka. An kafa hukumar kula da gandayen dajin ƙasar a 1916, sannan a 1956 ta ƙaddamar da wani shiri na shekara goma, wanda a ƙarƙashinsa aka gina irin waɗannan cibiyoyi kimanin ɗari. A 1957 Freeman Tilden ya wallafa littafin da ya zama madogarar ma'aikatan wannan fanni, inda ya nuna cewa jera wa baƙo shekaru da sunaye bai wadatar ba, sai an danganta abin da yake gani da abin da ya riga ya sani a rayuwarsa.

A wannan maƙala za a kira irin wannan cibiya da sunan zauren maziyarta. Dalili kuwa shi ne, a tsarin gidan Bahaushe zaure ne yake yin wannan aiki. A nan baƙo yake sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, a ji abin da ke tafe da shi, sannan a yi masa iso. Ke nan ayyukan zaure uku ne: sauke baƙo, da yi masa bayani, da shigar da shi ciki bisa ladabin gidan. Da waɗannan ayyuka uku za a auna kowane zamani a cikin abin da zai biyo baya.

3.0 Kafin Zuwan Turawa

Ƙasar Hausa ta fatauci ce, don haka ta daɗe da tsarin sauke baƙo. Ayari yakan sauka a zango ƙarƙashin kulawar sarkin zango, shi kuwa falke yakan sami fatoma, wato mai masaukin da zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma sanar da shi halin gari. Ita kalmar fatoma daga Barbarci ta zo, inda fato yake nufin gida. Baƙon sarki ma akan miƙa shi ga wani babban bafade ko basarake. Lokacin da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya riƙe shi, kuma ta hannunsa yake samun iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Ta fuskar wuraren tarihi kuwa, misali mafi bayyana shi ne Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tun bayan rasuwar Shehu a 1817 jama'a suke zuwa ziyara daga nesa da kusa, haka nan Wurno inda aka binne Muhammadu Bello a 1837. Mai ziyara ba ya shiga kai tsaye. Akwai masu hidimar wurin da za su nuna masa inda zai tuɓe takalmi, su gaya masa wane ne yake kwance a nan, wane ne a can, su kuma sanar da shi ladubban ziyara. Haka abin yake a rijiyar Kusugu ta Daura, inda mai tsaron rijiya yake ɗebo wa baƙo ruwa, ya ba shi labarin Bayajida da tsohuwa Ayana da macijin da yake hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ba don wannan labari ba, da babu abin da zai bambanta Kusugu da sauran tsofaffin rijiyoyin ƙasar Daura a idon baƙo.

Dutsen Dala ya ƙara fito da wannan batu fili. Heinrich Barth ya hau shi a 1851, ya zana hoton birnin Kano daga bisansa, domin tudu ne mai ba da damar hangen gari. A wurin Bakano kuwa, Dala mazaunin Barbushe ne da Tsumburbura, kamar yadda ya zo a cikin littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer bai fassara shi zuwa Ingilishi ba sai a 1908. Dutsen ɗaya ne, amma abin da kowa ya ɗauka daga gare shi ya danganta da abin da aka gaya masa.

Za a iya taƙaita siffofin wannan tsohon tsari kamar haka: mai bayani ɗan wurin ne, sau da yawa gadon aikin ya yi, da baki yake bayani, cikin harshen da baƙo yake ji, ana iya katse shi a yi masa tambaya, ladansa kuwa sadaka ce ko tukuici. Tsarin yana da nasa rauni. Labari yakan sauya daga baki zuwa baki, yakan karkata ga gidan da ke riƙe da sarauta, kuma idan mai shi ya rasu bai koyar da wani ba, ya tafi da shi ke nan.

4.0 Zamanin Turawa: Daga Baki Zuwa Allo

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. Daga baya Bernard Fagg ya tattara ire-irensa, bincike kuma ya nuna cewa sun haura shekara 2000. A 1943 gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa Kenneth Murray jami'in binciken kayan tarihi. Daga nan aka buɗe gidan tarihi na Esie a 1945, da na Jos a 1952, aka yi dokar kare kayan tarihi a 1953, aka buɗe na Legas a 1957. A Argungu an mayar da tsohuwar fadar sarki gidan tarihi na Kanta a 1958. A Kano ma, Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya zama gidan tarihi bayan ya yi zaman ofishin Turawa da kuma makaranta.

Ko shakka babu wannan yunƙuri ya yi amfani. Ya tsare kayayyaki da dama daga gara da gobara da masu fitar da su ƙasashen waje, ya kuma kawo hanyoyin kimiyya na gane shekarun abu. Amma ya zo da sauye-sauye guda uku waɗanda har yau ba a warware su ba. Na farko, an ɗauke kaya daga inda suka rayu an kai su birni an sa a akwatin gilashi, ta yadda mutumin Nok sai ya yi tafiya kafin ya ga abin da aka tono a ƙasarsu. Na biyu, ɗan allon da aka liƙa a jikin akwati ya maye gurbin bakin mai gadon labari, shi kuwa allo ba a yi masa tambaya. Na uku, harshen allon Ingilishi ne, alhali mafi yawan mutanen da kayan suka fito daga cikinsu ba su karanta shi.

Wani misali mai jan hankali shi ne gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda ya samo tushe daga aikin Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan. A can an kwaikwayi wani sashe na ganuwar Kano da kuma Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Aiki ne na ƙwarai, amma yana nuna inda tunanin zamanin ya karkata, wato ga siffar abu. An auna tsawon bango da kaurinsa, an zana bakan gizo da azara, alhali kalmomin magina da kirarinsu da labarin kowace ƙofa ba su sami irin wannan kulawa ba.

5.0 Bayan Samun Mulkin Kai

Bayan 1960 an ci gaba da kafa hukumomi. An kafa ƙungiyar yawon buɗe ido ta Nijeriya a 1962, doka mai lamba 54 ta 1976 ta mayar da ita hukumar gwamnati, sannan doka mai lamba 81 ta 1992 ta sake mata fasali. A ɗaya ɓangaren, doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga maziyarta a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. An kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a tsohon gidan Sardauna, aka buɗe gidan tarihi na Kaduna a 1975. A 1999 kuma hukumar UNESCO ta sanya Sukur ta Jihar Adamawa cikin jerin wuraren gado na duniya, wanda shi ne na farko daga Nijeriya.

Idan aka duba wannan jeri za a ga cewa aikin ya rabu gida biyu. Hukumomin yawon buɗe ido sun fi damuwa da masauki da hanya da kuɗin shiga, wato aikin zaure na farko. Hukumar gidajen tarihi ta fi damuwa da adana kaya da gine-gine. Aikin zaure na biyu, wato bayani, shi ne ya faɗa tsakani. Akwai wuraren da aka yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, kamar cibiyar bayanin zanen duwatsu da ke Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, wadda aka kafa a garin da zanen shanun yake, maimakon a kai hotunansa wani birni. Amma irinta ba su da yawa.

6.0 Ƙasar Lafiya da Maƙwabtanta

An ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiya ta zama babban birninta. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da reshe a garin. Sai dai wuraren da tarihin yankin ya faru a warwatse suke, kuma kowannensu yana da irin bayanin da yake bukata. Za a kawo misalai huɗu.

6.1 Garin Lafiya

Bisa ruwayar masarauta, Muhammadu Dunama ne ya jagoranci Barebarin da suka baro Barno suka kafa sarautar Lafiya a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. Sun tarar da mutane a wurin, a wani ƙaramin gari mai suna Anane. A ƙarni na 19 Lafiya ta shiga inuwar Bauci, yayin da Keffi da Nasarawa suke bin Zazzau. A zamanin Muhammadu Agwai (1881–1903) kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko da ke bakin kogi. Sarki Isa Mustafa Agwai na I ya yi mulki daga 1974 zuwa 2019, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad na I ya gaje shi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, akasarin zuriyar waɗannan Barebari Hausa ce harshensu na yau da kullum. Ke nan ragowar Barbarci da za a iya samu a sunayen sarautu da na zuriya da al'adun fada shaida ce ta tarihi wadda ba za a iya sa ta a akwatin gilashi ba. Hatta sunayen unguwanni abin nazari ne. Duk wanda ya ji Bukan Sidi, ko Bukan Ari, kunnensa zai kai shi ga kalmar bukka haɗe da sunan mutum. A daidaitacciyar Hausa bukkar Sidi za a ce, tun da bukka tamata ce, amma an san cewa kare-karen harshen kudanci, irin su Zazzaganci da Bausanci, da kuma Hausar waɗanda ba harshen uwarsu ba ce, sukan yi amfani da madanganci -n ga kowane suna. Sunan unguwa ɗaya ya ɗauko tarihin zama da na karin harshe gaba ɗaya. Dattawan unguwa ne suke riƙe da labarin mutanen da aka sa wa waɗannan wurare sunayensu.

6.2 Gishirin Keana

Keana garin Alago ne, sarkinta shi ne Osana, kamar yadda Andoma yake sarkin Doma. Ita da Awe da Azara sun shahara da gishiri tun kafin zuwan Turawa, kuma Paul Lovejoy ya sanya su cikin nazarinsa na 1986 a kan cinikin gishiri a tsakiyar Sudan. Aikin na mata ne, kuma da rani ake yin sa. Sukan yayyafa ruwan gishiri a kan fili, rana ta busar da shi, su kankare ƙasar su zuba a tukwane masu huda, su tace, sannan su dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri. Garin yana da bikin gishiri da ake kira Oyarore. Baƙon da ya je zai ga tukwane da hayaƙi. Amma kowane mataki na aikin yana da sunansa da Alago, haka ma kowane kayan aiki, akwai kuma ƙa'idojin gado da na shiga wurin. Gishirin kanti ya riga ya karya kasuwar na gargajiya, kuma duk sana'ar da ta ja baya, kalmominta ne suke fara ɓacewa.

6.3 Tudun Moloney a Keffi

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Kyaftin Moloney, Razdan na lardin Nasarawa. Magaji ya tsere zuwa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugard kuma ya sanya wannan cikin hujjojinsa na yaƙar Kano a watan Fabrairu na 1903. Magaji ya rasu a yaƙin Burmi a wannan shekara, tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Ruwayoyi da dama suna ɗora wani kaso na laifin abin da ya faru a Keffi a kan Audu Timtim, ɗan aiken Razdan kuma tafintansa, wanda aka ce ya jirkita saƙo tsakanin ɓangarorin biyu.

A yau tudun da ake kai baƙi a Keffi sunan Moloney yake ɗauke da shi. To, wane labari za a ba wanda ya je? A rahoton Turawa, Magaji mai farautar bayi ne da ya kashe jami'in gwamnati. A bakin mutanen Keffi da yawa, jarumi ne da ya ƙi miƙa wuya. A wurin al'ummun kan duwatsu irin su Mada, waɗanda hare-haren Keffi suka taɓa kakanninsu, labarin yana da wata fuska ta uku. Allo mai layi biyar ba zai ɗauki waɗannan duka ba, kuma duk wanda ya zaɓi ɗaya ya binne biyu. Daɗin daɗawa, ƙissar Audu Timtim gargaɗi ce ga duk mai shirin tsayawa tsakanin baƙo da masu wuri.

6.4 Farin Ruwa da Duwatsun Eggon

Farin Ruwa yana cikin Ƙaramar Hukumar Wamba, inda ruwa yake zubowa daga tsaunukan Filato, daga tsayin da aka ƙiyasta ya kai mita 150. Duwatsun Eggon kuwa su ne mafakar da Eggon suka zauna a kai a zamanin hare-hare, kafin akasarinsu su sauko fili a ƙarni na 20. Mutum zai ɗauka cewa wuri mai ban sha'awa ba ya bukatar bayani, tun da ido ne yake cin moriyarsa. Amma sunan Farin Ruwa kansa Hausa ne, a ƙasar da ba ta Hausawa ba ce tun asali. Haka sunan Lafiya da Nasarawa da Keffi, wanda ya fito daga kafi, wato shingen itatuwan da ake kewaye gari da shi. Taswira ta ɗauki sunan da fatake da masu mulki suka sani. Sunayen da mazauna wurin suke kiran kowane dutse da rafi da kufai da su, suna nan a bakinsu kawai.

7.0 Matsalar Harshe

Daga misalan da suka gabata za a ga cewa tambayar da ke gaban duk mai son gina zauren maziyarta a wannan yanki ita ce: da wane harshe zauren zai yi magana? Jihar Nasarawa tana da harsuna masu yawa daga iyalai daban-daban. Alago ɗan'uwan Idoma ne; Eggon da Mada da Migili suna cikin rukunin harsunan Filato; Gwandara kuwa shi ne harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa. Ga kuma Tibi da Fulfulde da Jukun da sauransu.

Ingilishi yana yi wa ɗan boko da baƙon ƙasar waje amfani, amma ya bar mai dafa gishiri a waje, alhali ita ce mai ilmin. Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha a yankin, don haka ita ce za ta haɗa mafi yawan maziyarta da masu wuri. Sai dai wajibi ne masana Hausa su yarda da wata gaskiya: yadda Ingilishi ya rufe Hausa a allunan Kano da Jos, haka Hausa take iya rufe Alago da Eggon a Keana da Akwanga. Misali, sanannen bayanin nan da ake yi cewa sunan Gwandara ya fito daga “gwanda rawa da salla”, wai furucin waɗanda suka bar Kano don ƙin karɓar Musulunci, a cikin Hausa aka ƙera shi. Ya dace a ba baƙo shi a matsayin ruwaya, a kuma tambayi Gwandara abin da su suke faɗa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Matsayin da ya dace da Hausa a nan shi ne na amintaccen tafinta, wanda zai isar da saƙo ya kuma ambaci mai shi.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa Arewacin Nijeriya ya san aikin zauren maziyarta tun kafin a gina irinsa a Amurka, domin fatoma da mai hidimar hubbare da mai tsaron Kusugu duk shi suke yi. Zamanin Turawa ya adana kaya amma ya raba su da bakin masu su, hukumomin bayan mulkin kai kuma suka raba aikin gida biyu, bayani ya rasa mai shi. Bisa ga haka ake ba da waɗannan shawarwari:

(i) Kafin a aza tubalin kowane zaure, a fara da ɗaukar muryoyin dattawa maza da mata a harsunansu, a rubuta, a fassara. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, su ne mafi kusa da wannan aiki, kuma ɗalibai 'yan asalin wuraren za su iya yin sa a matsayin kundin neman digiri.

(ii) A tattara sunayen wurare da kalmomin sana'o'i, musamman na gishiri, da cikakkiyar alamar karin sauti da tsawon wasali.

(iii) Kowane allo ya zo da harsuna uku: na masu wuri a sama, sai Hausa, sai Ingilishi. A haɗa da murya da aka naɗa saboda wanda ba ya karatu, abin da wayar hannu ta sauƙaƙa a yau.

(iv) Inda ruwayoyi suka saɓa, kamar a Keffi, a kawo su duka, a faɗi mai kowace.

(v) Jagora ya zama ɗan wurin, a horar da shi, a kuma yanka masa albashi.

Gini yana iya jiran kasafin kuɗin baɗi, dutse da ruwa ma suna nan inda suke. Tsohuwar da ta san sunan kowace tukunya a Keana, da dattijon da ya san wanda ya fara kafa bukka a Bukan Sidi, su ne ba su da tabbacin kaiwa baɗi. Da su ya kamata a fara.